Ganyen da Baba Mode Ya Ba Safiya

Shekara ashirin ina ɗinki kusa da tabarmar Baba Mode a kasuwar Shagari, ban taɓa ganin mai zargi irinsa ba. Ko gaishe shi ka yi sau biyu, sai ya tambayi abin da kake nema. Amma maganinsa na gyambo, wallahi ba wasa. Daga wani iccen marke guda yake samo shi, can bayan Mandera, kuma ko ɗiyansa ba su san wurin ba. Yana da dalili. Iccen mahaifinsa da aka gano, saɓar ɓawonsa aka yi ta yi har ya bushe.

Bara sai ga Safiya, wata ɗalibar jami'a 'yar Bodinga, a bayan babur ɗin ɗan kabu-kabu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ɗanyen ganye take roƙo. Wai akwai ƙananan halittu da ke zaune cikin ganye, ido bai ganinsu, wasu na kashe ƙwayoyin cuta, kuma na wannan icce kan bambanta da na wancan.

Tana ba da baya ya ce mini, "Ka ji wayon 'yan boko? Iccen suka biɗa."

Na ce ya ji tsoron Allah, bai saurare ni ba. Ya je bayan tasha ya tsinko ganyen wani marken banza, da ta dawo karɓa ya ba ta.

Bayan wata huɗu ta dawo, cikin ladabi ta ce abin da ta raino daga ganyen bai kashe komai ba. Ɗan kabu-kabun nan mai bakin tsiya yana tsaye yana ji. Kafin la'asar kasuwa ta ɗauka cewa jami'a ta gwada maganin Mode, ba komai ciki. Masu zuwa daga Kajiji suka ɗauke ƙafa. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai.

Da ya ga ba sarki sai Allah, ya tafi Bodinga ya faɗa mata gaskiya. Ta ce za ta sake gwaji, amma ita za ta tsinka da hannunta, kuma dole ta rubuta inda iccen yake.

"Wa zai karanta?"

"Kowa, Baba."

Ya sa takalmansa ya dawo, bai nuna mata iccen ba. Jiya tun safe har aka tashi kasuwa, mutum ɗaya ya tsaya gabansa, shi ma hanyar masallaci ya tambaya.