Takalmin da Ban Cire Ba

Rana ɗaya aka zaɓe mu mu biyu. Shi aka rubuta, ni aka ce in koma gida. Ya yi shekaru yana buga wa kulob ƙwallo, ya ƙara wasu yana koyarwa. Ni na yi su a tashar jirgin ruwa da buhu a wuya.

Taubashina ne, uwarsa ƙanwar ubana. Gida ɗaya aka haife mu a unguwar Hindawiyya ta Jidda, ɗakunan katako da gwangwani, na riga shi da kwana arba'in. Ni ne ɗan namiji, saboda haka bawana nake ce masa, shi kuma ya ce mini ubangida mai wando ɗaya. Tsakanin taubasai babu maganar da ake riƙewa. Ko a gaban uwarsa ka zage shi, da ita za a yi dariyar.

Bayan unguwa akwai fili mai gishiri, in ya bushe sai ka ce kasko. A nan muka koyi ƙwallo, ƙafa ba takalmi. Ina da wani bugu. In cusa babban yatsa ƙarƙashin ƙwallo in murɗa, ta tashi kamar za ta yi waje, ta lanƙwaso ta shiga. Ba wanda ya koya mini. Shi a wurina ya gani, ya shekara yana gwadawa kafin ya iya rabinsa.

Muna samari wani mutum ya zo daga kulob ɗin da ke wajen Bagdadiyya. Ya tsaya da laima ya kalli wasa har aka tashi. Ni ya fara nunawa, sannan shi. Washegari muka je ofishinsu. Magatakarda bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Tabi'iyya." Takardar zama ɗan ƙasa ke nan. Taubashina ya miƙa ta ubansa. Ni na tsaya hannu biyu a baya.

Da na koma na sami Baba yana ɗinkin katifa a bakin ƙofa. Na ce, "Baba, da aka bi gida gida ana rubuta mutane, me ya hana ka karɓa?"

"Ai mu ba mazauna ba ne. Hajji muka zo."

"Shekara nawa ke nan?"

"Baɗi in Allah ya yarda za mu koma gida. Wanda ya karɓi takardar nan ya ce ba ya komawa ke nan. Ni ban ce ba."

Tun ina goye yake faɗin baɗi. Mijin goggona da ya karɓa, dattawan unguwa sun daɗe ba sa ba shi hannu da daɗi, wai ya yar da gida. Baba ake yabo a lokacin. A Jidda muka binne shi.

Taubashina ya shiga, aka ba shi riga mai lamba da takalmi mai ƙusoshi. Goggo ta kan wanke rigar ta shanya a tsakar gida, daidai ƙofar ɗakina, sai na sunkuya nake fita. Ranar wasa unguwa ta kan kwashe zuwa fili. Ni ba na zuwa. A wurin mai shayi nake zama, bayana ga rediyo. In mai sharhi ya hau ihu wai ƙwallo ta lanƙwasa a sama, na san yatsan wa aka ara.

Sau ɗaya na faɗa masa gaskiya. Ranar sun ci kofi, gida ya cika, ana ta guɗa. Na tsaya a gabansa na ce, "Wallahi da takardar nan a gidanmu take, da kai ne mai ɗauko mini ruwa. Ban taɓa yi maka murna ba."

Ya kwashe da dariya har yana dukan cinya. "Ku ji ubangidana! To ranka ya daɗe, a kawo ruwan da sanyi ko haka nan?"

Kowa ya yi dariya. Goggo ta ce, "Ku dai ba kwa girma." Aka miƙo mini nama na ci.

Daga baya gwiwarsa ta tafi. Wani mai tsaron baya ya hau ta, aka fitar da shi a kan tabarma. Na je dubiya na yi masa sannu. Abin da na ji a raina a hanyar dawowa, Allah ya yafe mini.

Ban daɗe ina jin sa ba. Shekara ba ta zagayo ba suka mai da shi mudarrib, mai koyar da 'yan wasa. Ya sami usur da agogo da kujera a bakin fili. Mutanen da ba sa amsa sallamata suna miƙewa in ya shigo.

Wata la'asar ya zo har tasha yana ɗingishi, ya same ni ina sauke shinkafa. Ya ce, "Ubangida, gobe ka zo fili. Bugun nan na kasa koya musu. Gwiwar ba ta murɗuwa, kuma da baki ba ya faɗuwa."

Na ce, "Bawa ne ke aiken ubangida yanzu?"

"Yalla dai, ka zo."

Na je. Mai kula da kaya ya ba ni takalmi, na ɗaura. Ban taɓa sa irinsa ba. Na ji kamar an sa mini ƙafar wani. 'Yan wasa suka jeru. Taubashina ya ce musu, "Wannan shi ne mai abin."

Na buga ta farko, ta yi sama ta haura katanga. Ta biyu ƙusoshin suka kama ƙasa, na zauna daɓas. Wani ya tuntsire, saura suka bi.

Ya matso kusa da ni ya rage murya. "Cire takalmin."

Na dube shi. Tun muna rarrafe bai taɓa faɗa mini maganar da ba tsiya a ciki ba. Na ce a raina, wato in tsaya ƙafa tsirara a gaban masu takalmi, su ga ɗan dako sosai.

"Ɗan'uwa, cire. Da yatsa kake yi."

Ranar kaɗai ya taɓa ce mini ɗan'uwa. Ban lura ba sai bayan shekaru. Na tashi na karkaɗe wando na fita ta ƙofa da takalminsu a ƙafa. Da safe na aika musu da shi. Bai sake kirana ba, ni ma ban sake taɓa ƙwallo ba.

Yanzu yana gidan babbar 'yarsa a Bagdadiyya, sai an kama shi yake tashi. Ni ina Khumra ina gadin wani sito, da iƙama, takardar zaman baƙo da ake sabuntawa.