Gwaggo da Farantai Masu Jan Layi

Gwaggo suke ce mata a ɗakin binciken, har Dakta da ta ɗauke ta aiki. A ɗakin jarirai na asibiti ta fara, inda ta saba duk wanda ya fi rauni shi ake fara dubawa. Da guiwa ta hana ta tsayuwa sai ta dawo nan, tana kula da ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa da ake rainonsu a 'yan farantai cikin akwatin ɗumi.

Farantan kashi biyu ne. Masu shuɗin layi suna da wani furotin da ke kama sinadarin kalsiyam idan ya yi yawa a cikin ƙwaya, don kada ya kashe ta. Masu jan layi an cire musu shi. Aikin Gwaggo ta ɗiga musu maganin da ke sa kalsiyam ya kwararo, ta jira agogo ya buga, ta wanke duka.

Mako ya bi mako, jajayen sun ƙi mutuwa. Dakta ta daina cin abincin rana. Masu ba da tallafi sun ce in ba sakamako, ɗakin za a rufe.

Gwaggo ta san dalili. Tun ranar da ta leƙa madubin ƙara girma ta ga siraran rassan jajayen suna tsinkewa, hannunta ke kai musu ruwan wanki kafin agogo ya buga.

Wata safiya Gwaggo na wanke jajayen kafin lokaci, sai ga Dakta tsaye a bayanta, ba ta ji shigowarta ba.

"Gwaggo, agogon naki ne ke gaba ko nawa ne ke baya?"

"Ai ba su da mai tare musu, Dakta."

"Shi muke son mu nuna. In kin cece su, wa zai yarda furotin ɗin na da amfani? Marasa lafiyan da muke yi dominsu fa?"

Gwaggo na jiran a ce ta ajiye rigar aiki.

"Ƙwayoyin da suka rage na gwaji ɗaya ne," in ji Dakta. "Za ki iya, ko in yi da kaina?"

"Zan yi."

Ta ɗiga maganin, ta zauna, ta danne tafukanta a ƙarƙashin cinya har agogo ya buga. Washegari shuɗɗan na nan da rassansu. Jajayen sun dunƙule, sun taso saman ruwa. Dakta ta ɗauki hoto, ta fita neman waya don ta sanar da masu tallafi. Gwaggo ta kwashi farantan, ta kai wurin wanki.