Muryar da Ake Yankewa

Aikin farko yau: duba ko ɗankwalin jaruma shi ne na fitowar jiya. Shi ne.

Kunne, kamar yadda muke kiran ka a wurin aiki, ranar Talata huɗu ga Maris, bayan la'asar, ƙaninka ya kira ni muna tsaka da ɗaukar fim, ya ce ka cika a asibiti. Na Allah ne mu, gare Shi za mu koma. Na faɗa wa darakta. Ya ce, "Allah Ya jiƙansa. Mu ƙarasa kafin rana ta faɗi." Muka ƙarasa. Ni ma ban ajiye littafina na lura da kayan 'yan wasa ba, abin yana cina har yanzu.

Shekara goma sha shida kana ɗaukar sauti, hannuwa a sama da sandar makirfo, har kafaɗarka ta karkace. Kai kaɗai ke jin ƙugin firjin maƙwabta. Ranar da haƙorin robar dattijon ɗan wasan nan ya dinga ƙwas-ƙwas yana magana, ba ka tona shi ba. Ka ce, "Baba, na'urata ce ke wasa, mu sake," ka raɗa masa sauran a kunne.

Sanarwar ta'aziyya ta kamfani ta fito da hoton jarumi yana share hawaye. Kai kuwa "ɗaya daga cikin ma'aikatanmu." Ko sunanka babu.

Jiya mai ɗakinka ta ce mini, "Yaya, ko hotonsa ɗaya a bakin aiki? Auta tana tambaya." Na bincika kaf, babu. Abin da ya rage muryarka ce a farkon kowace ɗauka: "Jama'a, a rufa mini asiri a yi shiru." Ita ce mai tacewa ke fara yankewa. Furodusa ya ce a goge ma'ajiyar sautin jibi don sabon aiki. Na roƙe shi. Ya ce, "Hayaniya ce fa, me za a yi da ita?" Na ce to. Ban san me ya sa na ce to ba.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya ba mai ɗakinka da yara da ƙannenka juriya, Ya raya abin da ka bari.

Gobe:
1. Goge rigar asibiti ta fitowa ta tara.
2. Nemo mai riƙe sanda. Darakta ya ce kowa ma zai iya.
3. Sayen filashi na adana sauti.
4. Ɗakin tacewa ƙarfe bakwai, kwafe muryar.
5. In furodusa ya same ni a kai, kada in ba da haƙuri.