Saura Shari'a Ɗaya

Duk wanda ya taɓa zaman jira a barandar kotun diyyar ma'aikata ta birnin Fresno ya san Don Anselmo Barragán: gajere, mai tumbi, da tsohuwar jaka wadda aka ɗaure hannunta da waya. Lauyan masu tsinkar inabi ne da ma'aikatan mayanka, kuma baiwarsa ɗaya ce, sulhu. Da wuya ya bar magana ta kai gaban alƙali. Sai ya ja lauyan kamfanin inshora gefe, ya tambayi lafiyar iyali, ya ɗan zolaye shi, kafin gahawa ta huce an daidaita, mai rauni ya tafi gida da haƙƙinsa. A haka ya yi furfura, bai taɓa jin wani ya fi shi ba sai da Noemí Zepeda ta ci jarrabawar ƙwararru.

A ofishinsa Noemí ta fara, tana yi masa tafinta. Shi ya koya mata karanta rahoton likita. Yanzu ga hotonta a jikin motocin bas, an rubuta ƙwararriya a dokar diyyar ma'aikata. Duk sanda bas ta tsaya kusa da shi a danja sai ya kau da kai. Abin da ya fi ci masa rai, ba ta da laifin da zai kama. Ko'ina ta hango shi sai ta taso da fara'a tana cewa, "Don Anselmo, ubangidana." Da ma ta yi masa girman kai, da ya sami sauƙi.

"Tsoho, ƙyashi ne ke cin ka," in ji matarsa Socorro tana juya wake a kasko.

"Ni? Yarinyar da na koya wa riƙe fayil?"

"To waɗannan tulin littattafan da suka cinye min tebur fa, ado ne?"

Ya riga ya yi rajistar jarrabawar a ɓoye. Nakasar da ya saba ƙiyastawa da ido, yanzu sai ya koyi auna ta kashi-kashi yadda littafi yake so. Yana tuƙi yana bitar hukunce-hukunce da ƙarfi kamar ɗan firamare. Ya zauna jarrabawa, ya kuwa ci. Sai dai ba a nan ta ƙare ba, don masu ba da takardar shaidar ƙwarewar suna so mai nema ya nuna cewa ya kai isassun shari'o'i gaban alƙali har aka yanke hukunci. Nan gwanintarsa ta zame masa cikas. Ya zazzage tsofaffin fayiloli ya duba. Saura ɗaya, ga wa'adi na ƙaratowa.

A lokacin yana riƙe da ƙarar Eufemio Santiago, wani magidanci da injin masana'antar busar da inabi ya markaɗe wa hannun dama. Lauyar inshora, Araksi Bedrosian, abokiyar fafatawarsa tun suna matasa, ta tare shi a baranda da tayi mai tsoka.

"Anselmo, karɓi wannan. Ni kaina ban zaci kamfani zai yarda ba. Likitanmu ya ga tsohon ciwo a wuyan hannun. In muka shiga ciki, dole in ɗago maganar."

"Mu shiga ciki," ya ce.

Ta zare tabarau ta ƙare masa kallo. "Kai? Lafiya kuwa?"

Ya gaya wa Eufemio tayin, tunda doka ta tilasta masa, amma ya faɗe shi yana taɓe baki. Mutumin da ya san yadda ake sa mutane su yarda ya san yadda ake sa su ƙi. Eufemio ya ce, "Yadda ka gani, Don Anselmo. Kai ne idona."

Aka shiga, aka kara. Anselmo ya yi iyakar ƙoƙarinsa, wannan kam ba a raina masa ba. Amma alƙali ya ɗora wani kaso na nakasar a kan tsohon ciwon, abin da aka yanke bai ko kama ƙafar tayin ba. Adadin shari'o'in da ake nema a wurinsa ya cika.

Ya kira Eufemio ofis don ya yi masa bayani. Mutumin ya saurara da hularsa a kan gwiwa. Anselmo ya shirya wa zagi, har yana fatan a zage shi.

"Ba komai," in ji Eufemio. "Na ga yadda ka tsaya kana gumi saboda ni. Da wani ne, ko ƙofar alƙalin ba zan gani ba."

Ya miƙo hannun hagu. Anselmo ya karɓa, ya kasa ɗaga ido. Eufemio ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo a kunyace, ya tambaya ko Don Anselmo, da yake ya san manyan mutane, ya san inda za a ɗauki mai hannu ɗaya aikin gadi.