Duhuwar da Ta Ƙi Zama Bishiya

Walburga Marterer, wadda duk ƙauyen ke kira Burgi, ba 'yar manoma ba ce. Ubanta ma'aikacin gidan waya ne a can kwari, ita kuma ɗinki ta koya. Sai ta je wata rawa tana da shekara ashirin da uku ta haɗu da Fridolin, wanda bai iya rawa ba, bai iya zance ba, ya dai iya tsayawa kusa da mutum har a saba da shi. Ya ce mata suna da 'yan shanu a gida, ba yawa. Bai gaya mata cewa saniya ba ta san Lahadi ba.

Shekara arba'in da huɗu ke nan tana tashi ƙarfe biyar. Shanunsu ƙanana ne, jajaye masu farar fuska, irin na duwatsun Baƙin Daji, waɗanda ke kiwo a gangaren da mutum sai ya dafa ƙasa yake hawa. Ta tatsa, shi ya kora su sama zuwa makiyayar gari, ya sauka masana'antar burushi ya yi yininsa. Ita ta yini da madara da cuku da yara uku da surukar da har ta koma ga Allah ba ta taɓa yaba mata miya ba. Da yamma shanu su sauko, a sake tatsa.

Makiyayar ta gari ce, kuma al'ada ita ce duk mai saniya a kanta ya fito gayyar sassabe sau uku a shekara, don kada daji ya cinye ciyawa. Lokacin da aka kawo Burgi, gida goma sha huɗu ke fitowa, har da mai dafa musu dankali. Daga baya wannan ya mutu, wancan ya sayar, 'ya'yan wancan suka koma birni, har da nasu ukun. Yanzu gayyar mutum biyu ce, ɗaya gurguwa. Daji kuwa bai rage ma'aikata ba.

Ƙugunta na dama ne ya lalace. Likita ya daɗe da cewa a sauya ƙashin, aiki ne na kwana kaɗan da jinyar wata uku. Wata uku! Ita da rabon da ta kwana biyu a jere a wajen gidan tun haihuwar autanta. Sau huɗu ana ba ta rana a asibiti tana bugawa ta ce a ɗaga. Ba wani abu take nema a duniya ba. So take a gyara mata ƙafa, ta kwana ta tashi da hantsi, ta je wajen 'yarta a Freiburg ba tare da duba agogo ba.

Akwai kuwa alkawari a kan haka, kuma a jikin itace aka rataye shi.

A makiyayar, idan ɗan itacen da suke kira buhe ya tsiro, shanu ba sa barinsa ya tashi. Duk shekara su cinye tohonsa, shi kuma ya yi ta faɗi yana cunkushewa, ya zama abin da ake kira duhuwar saniya. Haka zai yi shekara talatin, arba'in, har faɗinsa ya kai yadda bakin saniya ba ya isa tsakiya. Daga nan tsakiyar ta fid da kai ta miƙe, a samu ƙatuwar bishiya mai inuwa. Akwai wata irin wannan duhuwar a saman kwamin ruwan shanu, wadda tun shanun uban Fridolin ake cinta.

Ranar auren 'yarsu, dole suka baro biki kafin a yanka kek don tatsar yamma. Burgi ta yi kuka a mota tun daga kwari har gida, da kayan bikinta ta shiga garke. Sai da aka gama tatsar Fridolin ya nuna sama da haɓa.

"Burgi, ran da duhuwar can ta fid da kai, ran nan zan sayar da shanu. Saura shekara uku, in ta yi yawa huɗu."

Shi mutum ne da ba ya magana biyu, don ko ɗayar da ƙyar take fitowa. Ta yarda. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Kowane watan Yuni takan ja ƙafa ta hau har bakin kwamin, ta tsaya ta duba. Daga nan gaba hawan ya fi ƙarfinta. Duhuwar na nan, ta yi faɗin ɗaki, kanta a daidaice kamar an yi mata aski. Ta sauko ta ce bana ma babu, shi ya ce itace ba ya jin gaggawa. Akwai shekarar da ta kunna kyandir a coci saboda wannan, da matar maƙwabci ta tambaye ta wa ba shi da lafiya, kunya ta hana ta faɗa.

A 'yan shekarun nan sai ga masu tallafi sun gano su. Wata ƙungiya ce mai kula da makiyayun duwatsu, kuma a gaskiya ba mugaye ba ne. Sun kawo musu sabuwar wayar shinge, sun buga hoton cukun Burgi a takarda mai sheƙi, sun kafa allo a bakin hanya mai bayanin yadda shanu ke tsare dutse daga daji. Masu yawon shan iska kan tsaya su karanta, su ɗauki hotonta tana ɗingishi da bokiti. An kawo komai, ban da hannu biyu da za su riƙe nonon saniya ƙarfe biyar na asuba.

Jami'arsu, Svenja Brugger, mace mai fara'a da manyan takalma, ita ta zo bana ƙidayar duhuwoyi. Ta sauko daga dutse ta zauna shan kofi a kicin, tana ta yabon ta saman kwamin, wai duk gundumar babu mai faɗinta. Abin da ya ɗaure mata kai, in ji ta, shi ne ta auna, kuma ko saniya mai wuyan raƙumi ba za ta kai tsakiyarta ba. Bisa lissafi, ya kamata a ce ta fid da kai tun shekara biyar ko shida da suka wuce. Fridolin ya ce ƙasar wurin ce ba ta da ƙarfi, ya miƙe wai zai duba shinge. Ko kofinsa bai shanye ba, shi da ba ya barin ɗigo.

Burgi dai ta san ruwa ba ya tsami banza. Washegari, da ya tafi kai cuku kwari, ta ɗauki sandarta ta hau. Ta wuce kwamin. Sauran hawan da rarrafe ta yi shi, tana hutawa tana zagin ƙugunta, har ta kai wani falalen dutse da ke bisa duhuwar. Ta kwanta rub da ciki, ta sa sanda ta buɗa rassan tsakiya.

Saniya ba ta da haƙoran gaba na sama. Ba ta yanka, fizga take yi, ta bar reshe a tsattsage. Wannan ko 'yar ma'aikacin gidan waya ta sani bayan shekara arba'in da huɗu. Abin da ta gani a tsakiyar duhuwar kuwa yanka ne sumul, a karkace, irin na dogon almakashin sassaben da ke rataye a bayan rumbunsu. Waɗansu sun yi baƙi, waɗansu toka-toka, ɗaya fari sol, bai fi sati biyu ba. Ta ƙirga shida. Ta daɗe a kwance a wurin, ba don tunani ba, tashin ne ya gagara.

Da yamma bayan tatsa suka zauna cin burodi da kyafaffen nama. Ta bari ya yanka, ya kai baki.

"Tsoho, wace saniyar ce a cikinsu ta iya riƙe almakashi?"

Ya daina tauna. Bai yi musu ba, ba shi da wannan dabarar. Ya ajiye wuƙar da ke hannunsa, ya fara bayani, mafi tsawo da ta taɓa ji daga bakinsa. Wai in ya sauko da shanun, shekara goma dutsen ya rufe, daji ya sauko har bayan coci. Wai kullum yana cewa shekara ɗaya kawai, ko wani zai zo ya karɓa. Wai shi ma ya gaji, gwiwoyinsa ba sa barinsa barci.

"Na sani," in ji ta. "Ni ma a dutsen nan na tsufa, ba sai an kafa mini allo ba."

"To, Burgi..." ya fara, ya gyara zama, "kin ga ke nan."

"Da ka tambaye ni, Fridli, wataƙila da ni zan riƙe maka almakashin. Amma shekara shida kana kallona ina hawa da ƙafar nan ina duba itace. Har kyandir na kunna masa."

Ta kwashe faranti ta wanke, har da nasa da bai gama ba.

Ƙarfe biyar na asuba ta farka, don jiki ba ya manta abin da aka saba masa. Ta ji ya tashi, ya sa wando, ya tsaya a bakin ƙofa yana jira. Ta juya fuskarta bango. Can ta ji ƙarar bokiti a garke, da kukan shanu tara da ba su saba da hannunsa ba, da muryarsa yana rarrashinsu ɗaya bayan ɗaya. Barci bai dawo ba, daɗin kwanciyar ma ba ta ji ba. Amma ba ta tashi ba, tana nan kwance tana jiran ƙarfe takwas, lokacin da asibiti ke fara ɗaukar waya.