Tima da Gogenta a Ƙofar Gida

Shekara talatin ke nan da muka binne Tima mai goge a nan Tawa, kuma har yau in na ji an ja izga a kan goge sai tafin hannuna ya soma ƙaiƙayi. Ni ce mai ƙwaryarta. Yaran yanzu ba su san ta ba, don haka bari in faɗi ko wace ce.

Mu uku ne: Tima da goge, Dije da shantu, ni Hajo da ƙwarya. Mu ba makaɗan dandali ba ne, ba a rawa da kiɗanmu. A ɗaki ko a zaure ake kiranmu, mutane kaɗan su zauna su saurara. Goge ya kira, ƙwarya ta amsa, shantu ya riƙe mana ƙasa. Tima Ba'abziniya ce daga arewacin Tebaram, gogenta kuwa irin nasu ne da suke kira anzad, wanda mata kaɗai ke kaɗawa. Siririya ce, ga tsiwa, ga tsokana. Takan ce hannuna ya fi dacewa da dakan gero, amma ba ta taɓa yarda wata ta zauna mata a ƙwarya ba.

Ƙa'ida ɗaya ta taho da ita daga wurin kakarta, ba ta kuma sassauta wa kowa. In goge ya ɗauka, namiji ya ajiye abin da ke hannunsa, takobi ne ko kofin shayi, ya zauna. Na ga ranar da wani babban ma'aikaci ya ci gaba da kurɓar shayi muna kiɗa. Tima ta tsaya cak, ta kira shi da Faransanci yadda ake kiran ma'aikata, ta ce, "Mushe, ƙare shayinka, muna jiranka." Ya ajiye kofin, kunya kamar ya nitse.

Da demokaraɗiyya ta shigo, kowace jam'iyya ta so mu yi mata kiɗa. Tima ta ƙi, ta ce gogenta bai san tuta ba. Mun ji jiki kuwa. Ma'aikata na ta yajin aiki, biki ya ragu, wasu masu wa'azi na zaginmu a lasifika, a arewa kuma ga tawaye. Duk da haka mun je Kalfu, mun je Bambeye, an ɗauke mu a rediyo, har mata na tare mu a kasuwa.

Wata rana da hantsi, muna hanyar arewa za mu wani suna, ƴan bindiga Abzinawa masu rawani suka tare motarmu. Suka jawo direba ƙasa, suka fasa masa baki da gindin bindiga, haƙoransa suka zube a kan yashi. Wani fasinja ya zabura zai gudu, suka harbe shi a cinya. Muna kwance rub da ciki, ina jin ɗaya daga cikinsu yana ɗana bindiga a ƙeyar direban. Sai na ji goge. Tima ta tashi zaune, ta kwance tsummansa, ta ja wani tsohon take na mutanensu. Na ɗaga kai a hankali. Babbansu ya sauke bindiga ya durƙusa, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai ƙarshe, ya yi mata magana da harshensu, suka hau motarsu suka tafi. Direban nan ya rayu har ya ga jikoki.

Daga ranar Tima ta sakankance cewa babu namijin da zai ɗaga hannu goge na magana. Mu ma mun yarda, ai da idonmu muka gani. Abin da ba mu lura ba shi ne, waɗancan sun taso suna jin anzad a tantin iyayensu mata. Samarin gari ba a can suka taso ba.

Bayan wasu watanni aka sake tare wata mota, aka kashe ɗan wani ɗan kasuwa. Da aka shigo da gawarsa gari ya ɗauki zafi. Bayan azahar samari suka fito da gora da adda da duwatsu, suna neman duk wani Ba'abzine. Mata da yaran gida biyu na maƙwabta Abzinawa suka ruga gidan Tima, inda muke gwaji ni da Dije. Muna jin ihun yana matsowa, ana fasa ƙofofi.

Tima ta shafa wa izga ƙaro. Ta ce, "Hajo, ke da Dije ku ƙetarad da ɗiyan ga ta katangab baya. Ni na tare ƙohwa."

Na ce, "Tima, waɗanga ba su san goge ba. In ya kira kuma, wa za ya amsa miki?"

Ta ce, "Yau ba ni bukatar amsa. Tahi, mai hannun daka."

Ta shimfiɗa buzu a bakin ƙofa ta waje, ta zauna. Ni na hau katanga, Dije na miƙo mini yara ina sauke su cikin gidan wani mahauci da ya buɗe mana. Ina jin gogen sarai. Ihu ya lafa na ɗan lokaci, don mamaki ya kama su, har na ce a raina ta sake yi. Sai na ji dutse ya sami ƙofa. Kiɗan ya karkace, ya dawo. Goge ya kira inda ƙwarya ke shiga, ni kuwa jaririya ce a hannuna. Ya sake kira. Da muka sauke mace ta ƙarshe, sai ya yanke a tsakiyar take.

Dije ma ta ƙetare, ni kuwa na zagayo ta lungu da gudu. Na iske ta kwance a kan buzu, sun kewaye ta. Wani dogon saurayi mai tabo a goshi ya ɗaga gora ya sauke a hannunta na dama, na ji ƙarar ƙashi. Wani ya taka gogen, ƙoƙon ya fashe. Suka kutsa gidan, suka iske ba kowa, suka cinna wa rumfa wuta. Kafin jandarmomi su iso sun watse. Jini na fita ta kunnenta, izgar na naɗe a yatsunta. A gidan likita ta cika, ba ta sake magana ba. Daga nan Dije ta rataye shantu, har ta rasu ba ta kuma taɓa shi ba.

Nakan tambayi kaina me Tima za ta ce da ta ga yau. Bikin yanzu sai na'ura mai tsaga kunne, maza kuma kowa riƙe da salula, wato wayar hannu, ko gaisuwa ba a ajiye ta. Na san da ta wanke su tas. Amma da ta yi murna da Lalla, jaririyar nan da na sauke ta katanga. Ta girma, ta tafi arewa ta koyo anzad wurin dangin Tima, ta dawo ta nemo ni da ƙwaryata, duk da tsufana.

Bara aka kira mu wani zaure. Lalla ta ɗaga bakan goge, maza na ta latsa salula. Na dafe ƙwarya na ƙi farawa, na ce, "In goge za ya magana, namiji ya aje abin da ag ga hannunai." Samari suka yi dariya. A bakin ƙofa kuwa wani dogon dattijo na tsaye, ya dogara da sanda, ga furfura, ga tabo a goshi. Na gane shi, shi ma ya gane ni. Sannan ya sunkuya da ƙyar ya kwantar da sandar, ya zauna a ƙasa, ba a tabarma ba. Da samarin suka ga haka, suka sa salula a aljihu.

Ban yafe masa ba, ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba. Allah ya ji ƙan Tima. Lalla ta ja taken nan da ya yanke a ƙofar gida, ta wuce inda ya tsaya. Goge ya kira, na amsa.