Malam Haladu da Kurfin da Ake Wasawa ta Ciki

Idan aka idar da sallar asuba a Kazaure, Malam Haladu ba ya komawa barci. Yakan sha kokonsa, mai ɗakinsa Inna Ma'u ta miƙo masa akwatin ƙarfensa, ya ɗaura a bayan keke ya kama turawa, don rabonsa da hawa keken nan an fi shekara biyu. Rumfarsa tana bayan layin kafintoci. A nan yake shimfiɗa buhu, ya jera magagarai daga babba zuwa ƙarami, ya ajiye kwalbar man inji a dama. Shekara talatin da takwas ke nan yana wannan zama, kuma a watan jiya ya tashi, ya ajiye aikin.

Mai karatu zai ce to washi ai washi ne. Ba haka ba ne. Injin da kafintoci ke fafe rami a jikin katako yana aiki da wani kurfi mai kusurwa huɗu, cikinsa rami ne, a cikin ramin kuma akwai murɗaɗɗen ƙarfen huji da suke kira bit. Bit ya huda ya kwaso dusa, kurfi ya bi baya ya daidaita kusurwoyi. Duk ƙofar da ka gani ta shekara ashirin ba ta saki ba, a irin wannan ramin aka zura mata harshen katako. Daga Roni, Gwiwa, 'Yankwashi, har Babura, in kurfin nan ya dakushe, nan ake aiko shi a naɗe cikin tsumma, a hannun direba ko ɗan acaɓa.

Ta ciki yake wasa shi, da wani ƙarfe mai tsini yana juyawa a hankali, sannan ya bi kusurwoyin ɗaya bayan ɗaya da siririn magagari. Bayan kurfin kuwa shafa kawai yake masa a kan dutse, sau ɗaya. Idan zai mayar da bit, sai ya zaro wata tsohuwar dalar sefa, kuɗin Nijar, da ya samo a kasuwar Babura, ya auna tazarar da ita, don in bit ya matse da kurfi sai ƙarfe ya ɗau zafi ya yi shuɗi ya tsage. Kafintoci sun sha tsokanarsa cewa dalar nan ta fi shi tsufa. Shi kuma ya ce musu ta fi su gaskiya.

Kai ne, Baba, ka taɓa mayar wa Sama'ilu na Gwiwa da kurfinsa ba ka taɓa ba, ka ce bai dakushe ba, injinsa ne ya karkace. Kai ne ba ka taɓa barin ƙarfe ya bar rumfarka da saura ba, ko mai shi yana tsaye a kanka yana duba agogo.

Amma ido ya fara yana. Ya daɗe yana ɓoyewa, Inna Ma'u ce ta gane, ranar da ta ga yana laluben hularsa alhali tana gabansa. Abin da ke cin ransa ba makanta ba ce. 'Ya'yansa maza biyu ɗaya malamin makaranta ne, ɗaya yana tuƙi, kuma duk wanda ya zo koyo ba ya wuce sati yake gudu, saboda aikin babu ƙara, babu tartsatsi, sai zama da ciwon baya. Ya ga ranar da zai rufe akwatin nan, sana'ar ta ƙare a wannan yanki gaba ɗaya.

Bara aka kai shi Kano aikin ido, ya yi sati uku ba ya nan. A tsakanin ne Julius, kafintan da ya fi shekara ashirin a garin, ya karɓi aikin ƙofofin wani ɗakin haihuwa a ƙauyen Roni, kurfinsa guda ɗaya tak kuma ya dakushe. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya kai wa Muhammadu Lawal, mai wasa wa mahauta wuƙaƙe. Lawal mutum ne mai shekara arba'in da 'yan kai, mai iyali, ya iya aikinsa. Ya karɓi kurfi ya yi masa abin da yake wa wuƙa: ya bi fuskokin nan huɗu ta waje ya ci su a dutse har suna ƙyalli. Da aka ɗaura a inji, bakin ya riga ya tsuke, jikin ya fi ramin da yake yankawa kauri. Kurfi ya shiga katakon maɗaci ya cije, sai da aka fasa katakon aka ciro shi.

Layin kafintoci ya samu abin dariya. Lawal ya daina bin ta wajen, sai ya zaga ta bayan tasha.

Malam Haladu ya dawo, ido ɗaya ya ɗan gyaru, ɗayan likita ya ce sai haƙuri. Julius ya kawo masa kurfin yana ta faɗa, ya ce an kashe masa ƙarfe, ga masu ɗakin haihuwa suna jira. Dattijon ya karɓi kurfin. Ya daɗe yana bin fuskokin da babban yatsa, ya juya, ya sake bi. Sai ya ce a kira masa wanda ya yi.

Lawal ya zo ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya fara ba da haƙuri.

“Bar wannan,” in ji Malam Haladu. “Da me ka auna?”

“Ban auna ba, Baba. Da hannu ne.”

“Fuska huɗu ka ci, babu wadda ta fi wata ko da gashi. Ka ɓata shi, amma daidai ka ɓata shi. Gobe ka zo da sassafe.”

Julius ya ce ai wannan kamar a ba mutum lada ne don ya yi ɓarna. Malam Haladu ya ce masa ya dawo ya karɓi kurfinsa nan da kwana huɗu kawai. Ya sa Lawal ya datse bakin da ya lalace, ya dafa hannunsa a kan nasa, suka fitar da sabon baki ta ciki. Kwana uku suka yi a kai. An kafa ƙofofin a kan lokaci, kuma suna nan.

Lawal bai gudu ba. Da safe ya yi wa mahauta, da hantsi ya zo ya zauna a gefen buhu, mutum da furfura a gemu ana ce masa sake, ya sake. Wata goma sha ɗaya. Ya tsaga kurfi biyu a ciki, dattijon bai faɗa wa kowa ba, daga bakin Lawal ɗin muka ji.

Ranar da zai tashi, Malam Haladu ya tara kafintoci ya ajiye kurfi biyu iri ɗaya, ɗaya washinsa, ɗaya na Lawal, ya ce Julius ya gwada a katakon ƙirya ya faɗi wanda ya fi. Julius ya fafe rami da kowanne, ya duba, ya ɗaga ɗaya ya ce wannan ya fi shiga kamar a tuwo, babu shakka hannun Baba ne.

“Ba nawa ba ne,” in ji dattijon.

Julius ya rasa inda zai sa fuskarsa, Lawal ya sunkuyar da kai. Amma ni da nake zaune kusa da shi, ban taɓa ganin farin ciki irin na fuskar Malam Haladu a lokacin ba. Hawaye na zuba, yana dariya, yana cewa alhamdulillahi.

Mun gode, Baba. Mun gode da ƙofofin da muke rufewa ba mu san da hannunka a ciki ba. Allah ya ƙara maka lafiya, ya haskaka maka abin da ya rage na gani, ya saka wa Inna Ma'u da alheri. Ku kuma masu sana'a, kafinta ne kai ko tela ko bakanike, in wani ya yi kuskure a gabanka, kafin ka yi dariya ka duba hannunsa tukuna. Kuma ka koyar da shi har ya fi ka, ka tsaya a gaban jama'a ka faɗa da bakinka.